Na Iya Aikin, Ban Iya Harshensa Ba

Assalamu alaikum. Ni bakaniken jirgin sama ne, a ɓangaren lantarki da na'urori, wanda a wurin aiki muke ce wa abiyoniks. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yaran da nake gani a garejoji da kasuwannin waya, masu hannu mai albarka, waɗanda ba abin da ya tare musu gaba sai Turanci. Na zauna a inda suke zaune, kuma na daɗe a wurin.

A Fagge aka haife ni, cikin Kano. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne, yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa. Bai yi boko ba, amma idan ya dubi launukan da ke jikin resisto zai faɗa maka ƙarfinsa ba tare da ya ɗauki mita ba. Kowane ƙaramin abu a cikin rediyo yana da sunan da shi ya raɗa masa, transisto shi ne mai ƙafa uku, kuma da waɗannan sunaye na koyi lantarki tun kafin in iya haɗa baƙi da kyau. Filin jirgin Malam Aminu Kano ba shi da nisa da mu. Jirgi ba baƙo ba ne a garin, tun 1925 ya fara sauka a Kano, don haka ƙararsa ba ta sa manya su ɗaga kai. Ni kuwa kullum sai na ɗaga.

A watan Yulin 1991 gwaggona da ke aure a Sakkwato tana cikin alhazan da za su dawo gida. Ranar 11 ga wata jirginsu ya tashi daga Jidda, bai yi nisa ba wuta ta kama shi, ya juyo, ya faɗi kafin ya kai ga titin sauka. Mutum 261 ne a ciki, babu wanda ya fita. A rumfa labarin ya same mu, daga bakin rediyon da wani ya kawo gyara. Baba ya ajiye abin da ke hannunsa, ya yi salati, ya ja ƙyaure, muka nufi tasha. A gidan makoki abin da na yi ta ji shi ne kwana ya ƙare, sun dace, daga Ɗakin Allah suke. Haka ne, kuma har gobe a kan haka nake. Sai dai babu wanda ya gaya mana abin da ya sami jirgin, tambayar kuma ta zauna mini a rai.

Na yi sakandaren gwamnati, inda ko darasin Turancin ma rabinsa da Hausa ake yi. Da sakamako ya fito na ci lissafi, na ci fiziks, Turanci ya kayar da ni. Ba tare da shi ba babu makarantar gaba da za ta dube ni. Ina rumfar Baba ina taya shi aiki sai wani direba da ke kawo mana gyara ya yi mini hanya a wani kamfanin jirage mai zaman kansa, a matsayin lebura a rumfar gyara, wato hanga. Wanke jirgi, ɗaukar akwatin sufana, riƙe tsani, haska tocila, share mai idan ya zuba. Na karɓa hannu bibbiyu.

Ranar da na fara leƙa ɗakin na'urori da ke ƙarƙashin matuƙa, na ga wayoyi ɗauri-ɗauri, kowace da lambarta a jiki, sai da gabana ya faɗi don murna. Wannan duniyata ce. Ban daɗe ba na gane cewa wutar jirgi ba irin ta gida ba ce. Ta gida tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta jirgi sau 400, a kan bolt 115, ga kuma ta bolt 28 wadda ba ta kaɗawa. An zaɓi 400 ne don taransifoma da ƙananan injinan lantarki su zama ƙanana marasa nauyi, tunda a sama kowane kilo kuɗi ne. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Da ido da tambayar sata na tsinta. Kafin a daɗe injiniyoyi suka lura idan waya ta katse a wani lungu ina saurin gano ta, sai su miƙo mini mita su ce in bi layi. In gano, in gyara a gabansu, su duba, su sa hannu. Ban taɓa ɗaukar wannan a zalunci ba, doka ce: wanda ba shi da lasisi ba ya sa hannu a littafin jirgi.

Abin da ya riƙa ci mini rai wani abu ne daban. Kowace safiya ana taruwa a faɗi halin da kowane jirgi yake, maganar kuma duk haruffa ce. Wannan AOG ne, wancan an ɗage matsalarsa a ƙarƙashin MEL, na ukun APU ɗinsa ya ƙi tashi. Ina gyaɗa kai tare da kowa. Daga baya ne na san AOG na nufin jirgi ya zauna a ƙasa ba zai tashi ba sai an gyara, APU kuma ƙaramin injin nan ne na wutsiya da ke ba da wuta da iska kafin a tada manyan. Na san injin, na sha shiga wurinsa har kaina ya yi baƙi, sunansa na littafi ne ban sani ba. Na kan koma gida da ciwon kai, ba don nauyin aiki ba, don ƙoƙarin ɓoye abin da ban gane ba.

Wata rana wani injiniya baƙo, hannuwansa biyu suna cikin aiki, ya ce in karanto masa mataki na gaba daga manuwal, wato littafin gyaran jirgi. Na ɗauki littafin. Na ga haruffan, na san wasu kalmomin ɗaya-ɗaya, amma bakina ya ƙi haɗa su. Na fara, na sarƙe, na sake farawa. Wani ya yi dariya a bayana. Mutumin bai yi faɗa ba, ya sauko ya goge hannu ya karanta abinsa, amma daga ranar ya ce kada a ƙara ba ni mita a jirgin da yake kula da shi. Na koma bokiti da soso. A lokacin na ji haushinsa ƙwarai. Yau, da nake tsaye a inda ya tsaya, na san da ni ne haka zan yi. Wanda ba zai iya karanta gargaɗin da ke saman shafi ba, ƙwarewar hannunsa ma haɗari ce.

Sai ga 4 ga Mayun 2002. Jirgi ƙirar BAC 1-11 ya tashi daga filin Kano ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, mutum sama da ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gida. Na je wurin, na taya ɗaukar abin da za a iya ɗauka, kuma ba zan bayyana abin da na gani ba. Bayan nan gwamnati ta dakatar da wannan samfurin jirgi, aiki ya ja baya a kamfanoni da dama, har da namu. Da aka zo rage ma'aikata, da mu aka fara, mu marasa takarda. Masu lasisi suka watsu Legas da ƙasashen waje, ana rububinsu. Ni na fito da abin da na sani a kaina, babu takarda ko ɗaya da za ta shaida cewa na taɓa taɓa jirgi.

Lokacin ban daɗe da aure ba. Baba kuma ya kwanta ciwo, jinyar ta cinye ɗan abin da muka tara, daga ƙarshe Allah ya karɓi abinsa. Rediyo ya daina kawo abinci, wayar salula ta shigo, na bi sahun matasa na kafa tebur a kasuwar waya ta Farm Centre. Alhamdu lillahi ban kwana da yunwa ba. Amma waɗannan shekaru su ne mafi duhu a rayuwata, kuma ba talauci ne ya sa ba. Na daina bin hanyar filin jirgi, ko da ita ce mafi kusa. Idan jirgi ya wuce sai in ƙara sunkuyar da kai a kan wayar da nake gyarawa. Na zama mai saurin fushi a gida. Na yanke wa kaina hukunci cewa ni daƙiƙi ne wanda Allah ya ba hannu ya hana shi kai, kuma na yarda da hukuncin har na daina jayayya da shi.

Wanda ya fitar da ni wani dattijo ne, tsohon injiniyan Nigeria Airways, kamfanin jirage na ƙasa da aka rufe a 2003. Ya taɓa yin aikin kwangila a hangarmu. Ya kawo waya gyara, ya tsaya yana kallon yadda nake jera sukurori a kan tsumma bi da bi, ya ce, "Ɗana, a ina na san ka?" Na gaya masa. Ya tambayi abin da ya hana ni neman lasisi, na ce, "Baba, Turanci." Ya jawo benci ya zauna.

Abin da ya gaya mini a ranar ban taɓa jinsa a bakin kowa ba. Ya ce Turancin manuwal ba shi ne na jarrabawar sakandare ba. Masu ƙera jirage sun san yawancin bakaniken duniya ba Turawan Ingila ba ne, don haka tun 1986 aka fitar da ƙa'idar sauƙaƙaƙƙen Turanci na rubuta littattafan gyara. Kalmomin yau da kullum da aka amince da su ba su wuce wajen 900 ba, sai sunayen sassa da na ayyuka. Kowace kalma ma'ana ɗaya aka ba ta, ba ta da ta biyu. Jimlar umarni ba ta wuce kalma 20, kuma a ƙa'ida umarni ɗaya take ɗauka. Babu karin magana, babu habaici, babu adon zance. Ya ce, "Ka yi allo?" Na ce na sauke. Ya ce, "Wanda ya riƙe izu sittin a harshen da ba na uwarsa ba, kalma 900 ce za ta gagare shi?" Bayan 'yan kwanaki ya aiko mini da kwali cike da tsofaffin littattafan horo.

Matata malamar firamare ce, kuma ita ce malamata ta farko a wannan karatu. Bayan sallar isha, yara sun kwanta, sai mu shimfiɗa tabarma. Ita ta san furuci da nahawu amma ba ta taɓa ganin cikin jirgi ba, ni na san abin amma ban san sunansa ba. Ta karanta jimla, ni in zana mata abin a takarda in ce ga shi nan, na sha kwance shi. Na rubuta, na karanta da ƙarfi, na rufe, na biya. Ranar da na gaji na ture littafin na ce bari kawai, sai ta ce, "Malam, jiya ka karanta shafi guda ban gyara maka ko sau ɗaya ba. Kai ba ka lura ba, ni na lura." Ta mayar mini da littafin gabana.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne tsarin lambobin ATA. Kowane sashe na jirgi yana da lambar babinsa, kuma lambar ba ta canzawa ko Boeing ne ko Airbus. Babi na 21 iska da sanyaya ɗaki, 24 wutar lantarki, 27 abubuwan sarrafa tashi, 28 mai, 29 haidirolik, 32 ƙafafu da tayoyi da birki, 34 na'urorin gane hanya, 49 APU, daga 70 zuwa sama injin. Na riƙe su kamar yadda mahaddaci ke riƙe izu, a ce masa farkon aya ya san inda take. Daga nan littafin da a da nake ganinsa dutse guda ya zama gida mai ɗakuna.

Sannan na shiga kalmomin da kansu, a nan ne kuma na gane dalilin da ya sa aka tsananta. A gareji, idan mai yana fita, yoyo ne kawai. A jirgi akwai tabo, akwai naso, akwai naso mai yawa, akwai zuba, kowanne da yadda ake auna shi da hukuncinsa: wani a rubuta a ci gaba da sa ido, wani jirgi ba zai motsa ba. Haka lahani a jikin ƙarfe. Tsagewa daban, loɓawa daban, ƙarzuwa daban, cin tsatsa daban, gogar waya da ƙarfe daban. Idan ka rubuta loɓawa a inda tsagewa ce, wanda zai karɓe ka da safe zai buɗe shafin da ba shi ba, ya bi iyakar da ba ita ba, kuma shi bai yi laifin komai ba, kalmarka ya bi. Dubawa ma hawa-hawa ce: ta ido daga nisan hannu, ta ƙwaƙƙwafi da fitila da madubi, da ta musamman da na'ura. Ga kalmomin jan kunne guda uku da ke zuwa kafin mataki. Wonin, rai ko lafiyar mutum ake magana. Koshin, kayan aiki ne za su lalace. Not, ƙarin bayani ne. Ruwan haidirolik da ke tafiya a kan matsi 3,000 na ma'aunin psi ba ya jiran ka gama fassara.

Ma'auni ma harshe ne. Ƙarfin ɗaure noti ana rubuta shi da fam-inci ko fam-ƙafa, na biyun ya ninka na farkon sau 12, kalma ɗaya ce tsakaninsu. A 1983 wani Boeing 767 a Kanada mai ya ƙare masa a sama saboda an yi lissafin man da fam a inda ya kamata a yi da kilo. Allah ya sa matuƙan suka sauke shi ba injin, ba a rasa rai ba. Har maganar rediyo sai da na koya, don bakanike ma yana kiran hasumiya, inda masu ba jirage umarni suke, idan zai ja jirgi ko zai gwada injin. Alfa, Bravo, Charlie a maimakon A, B, C, da maimaita umarni ga wanda ya ba ka don ya ji ko ka ji daidai. Ba ƙawa ba ce. A 1977 a Tenerife jirage biyu ƙirar 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, kuma rashin fahimtar magana tsakanin matuƙi da hasumiya yana cikin manyan dalilai. Tun daga nan kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi.

Na sake zama jarrabawar sakandare a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, tare da yaran da na girme wa nesa, na samu Turancin. Matata ta sayar da sarƙar aurenta, na kwashi adashi, ƙanena ya riƙe mini tebur, na shiga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964. A aji ana ce mini Baba. Ban damu ba. A aikin hannu ina gaba, a rubutu ina bin su a baya ina haki.

A darasin halayyar ɗan Adam a wurin aiki ne aka raba mana rahotannin haɗurra mu karanta. Malamin ya fara da abubuwa 12 da Gordon Dupont na hukumar sufurin Kanada ya tattara a 1993, waɗanda ke jefa bakanike cikin kuskure: gajiya, matsin lamba, rashin isar da magana, rashin kayan aiki, rashin iya cewa a'a, da sauransu. Takardar da ta faɗo hannuna ta Jidda ce, 1991.

Na karanta ta da kaina, ba mai fassara mini. Jirgin DC-8 ne. Tayoyi biyu iskarsu ba ta kai ba. An san da haka kwanaki kafin ranar, kuma binciken ya gano an taɓa alƙaluman da ke takardar awon iskar. Tayar jirgi ba iskar famfon bakin titi ake sa mata ba, naitirojin ne, a kan matsin da ya kai wajen 200 na ma'aunin psi a manyan jirage, inda ta mota ba ta wuce talatin da 'yan kai. A safiyar ranar bakanike ya nemi naitirojin, ba a samu nan take ba, wanda ke kula da jadawalin jigila kuma bai yarda a jinkirta ba. Jirgi na gudu a kan titi, taya ɗaya ta fashe saboda nauyin da 'yar'uwarta ta sakar mata, ta biyun ta bi, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta tashi. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka naɗe ƙafafun cikin cikin jirgi, inda bututun haidirolik da wayoyi suke. Har a rediyo an samu ruɗani, na ɗan lokaci mai hasumiya ya ɗauka da wani jirgin daban yake magana.

Na kai ƙarshen takardar na fita daga aji ba tare da neman izini ba. Na zauna a bayan hanga na yi kukan da ban yi ba ina yaro. Ba imanina da ƙaddara ne ya girgiza ba. Abin da ya karya ni shi ne amsar tana nan a rubuce tun ina ɗan makaranta, cikin harshen da babu mai jinsa a gidanmu, Baba ya rasu bai san abin da ya sami 'yar'uwarsa ba. Kuma ashe ba wani babban sirri ba ne. Lamba ce a takarda da ba ta faɗi gaskiya ba.

Jarrabawar lasisi ta NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama ta ƙasa, ba ta zo mini da sauƙi ba. Na faɗi, na koma gida na sake shiri, na dawo. Da na samu, aiki ya kai ni Legas. Sa hannuna na farko a takardar sakin jirgi, bayan na canza wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, sai da na karanta abin da na rubuta har abokin aikina ya fara duba agogo. Na tsaya a gefen fili har jirgin ya ɓace.

Jarrabawa ta gaske ta zo a 2016, shekarar da dala ta yi wuya, kayan gyara suka riƙa maƙalewa a waje. MEL kundi ne da ke faɗin abin da jirgi zai iya tashi ba tare da shi ba, da sharaɗi, da wa'adi. Rukunin B kwana 3, C kwana 10, D kwana 120, A kuma wa'adinsa a rubuce yake a gabansa. A ɗaya daga jiragenmu hitar da ke hana ƙanƙara toshe ɗaya daga bututun auna gudu, wanda muke kira pito, ta mutu. A kundinmu tana rukunin B. Wa'adi ya cika, kayan bai iso ba, damina ce kuma. Da dare wani babba ya kira ni gefe, cikin lalama, ya ce, "Injiniya, ka rubuta an gwada an same ta lafiya, ka rufe. Gobe matuƙi ya sake rubuta ta, mu samu wasu kwana uku. Kaya na hanya." Na ce, "Yallaɓai, na gwada, ba ta da lafiya." Ya ce kowa yana yi. Ya ce albashin mutane yana kan wannan jirgi, kuma wannan gaskiya ne, har da nawa. Na ce akwai hanyar neman ƙarin wa'adi a hukumance, a bi ta, idan an bayar zan sa hannu a kan abin da aka bayar. Ya ce babu lokaci. Na rubuta abin da mita ta nuna, jirgi ya kwana a ƙasa.

Ba a kore ni ba. Da kwangilata ta ƙare dai ba a sabunta ba. Na tattara iyali muka koma Kano, na cire yara daga makarantar kuɗi, na koma teburin waya da lasisi a aljihu. Wasu 'yan'uwa suka ce na cika taurin kai, mutum da iyali ba ya wasa da abincinsa. Maganarsu ta shige ni, domin ni kaina na san mai yiwuwa da jirgin ya je ya dawo lafiya, akwai wasu bututun da ke aiki. Dare da yawa na kwana ina wannan lissafi, ina kallon yarana suna barci. Inda nake tsayawa kullum shi ne, matuƙin da zai buɗe littafin da asuba ba zai hau tsani ya taɓa hitar ba. Kalmata zai karanta, ya yanke shawarar shiga hadari ko kauce masa a kanta. Na gaya wa mahaifiyata duk yadda aka yi, har da labarin tayoyin Jidda, wanda ban taɓa gaya mata ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Da ka sa hannun nan, da ban ci abincinka ba." Bayan wannan ban ƙara sauraron kowa ba.

An ɗauki lokaci kafin wani da muka yi aiki tare ya kira ni zuwa wani kamfanin. Ina can annobar korona ta zo a 2020, jirage suka jeru a ƙasa wata da watanni, aikinmu ya koma rufe kowace kafa da jan murfi mai dogon ƙyalle da dubawa a kai a kai. Yaran da ke ƙarƙashina suna ganin abin wasa ne, sai na ba su labarin Boeing 757 da ya faɗa teku a 1996 bayan tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189, inda masu bincike suka fi kyautata zaton zanzaro ne ya yi gini a cikin bututun pito lokacin da jirgin ke ajiye. Da Hausa na ba su labarin, na ce zanzaron nan dai da kuka sani a bangon ɗakinku. Daga ranar ban ƙara samun bututu a buɗe ba.

Wannan ne ya sa na fara abin da nake yi yanzu. Ranar da ba ni da aiki ina tara matasa a zauren gidanmu, masu gyaran waya, masu wayarin, 'yan sakandare, har da 'yan mata biyu da iyayensu suka kawo da kansu. Ina da babban littafi da nake rubuta kowace kalma ta manuwal, a gabanta bayaninta da Hausa da zanen abin. Ƙa'idata ita ce a fahimta da Hausa, a rubuta da Turanci. Ba na ƙirƙira musu sunayen da za su shiga hanga da su, domin littafin jirgi na duniya ne, wanda zai karanta rubutunka gobe yana iya zama mutumin Habasha ko na Indiya. Amma ban yarda yaro ya haddace kalmar da ba zai iya bayyana wa kakarsa ba. Kowane zama sai kowa ya miƙe ya karanta mataki ɗaya da ƙarfi, kuma ba a dariya a zauren, wanda ya yi dariya ya tafi gida sai mako mai zuwa. Wanda bai da Turanci da lissafi da fiziks a takardarsa ta sakandare, da nan muke farawa, don babu inda za a je ba su.

Littafin ya kai babi na 34. Na 49 zan iya shi, amma daga 70 zuwa sama ba fannina ba ne, ina neman wani ɗan'uwa na ɓangaren injin, mai jin Hausa, da zai ba da yammacin Asabar ɗinsa mu ƙarasa.